Kafin ka sa hannu a takardar tallafin karatu

Abu na farko da aikin duba takardun ɗalibai ya koya min shi ne a fara da tambaya ɗaya: wannan kuɗin kyauta ne ko bashi? Kuɗin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa ɗaliban manyan makarantu, da aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun 2024, rance ne. Babu kuɗin ruwa a kansa, amma sai an biya, kuma biyan yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Kuɗin rajista ba ya biyowa ta hannun ɗalibi, jami'a ake tura wa kai tsaye. Abin da ke shiga asusunsa shi ne naira 20,000 ta kowane wata, idan ya nema.

Inda aka fi tuntuɓe a nan Kano kuwa, suna ne. A JAMB yaro Muhammad ne, a NIN Mohammed, a BVN kuma sunan kaka ya shigo tsakiya. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Gyaran yakan ci makonni, don haka a jera takardun uku a kwatanta su harafi da harafi tun kafin a fara cikewa. Sannan sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibi a shafin kafin lambarsa ta fito. Idan ba ta fito ba, ofishin kula da harkokin ɗalibai za a nufa, mai shagon intanet ba shi da abin yi a kai. Neman ma kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya "shigar da kai" cuta ce.

Sai lokaci. Jami'ar Bayero ko ta Wudil na iya rufe rajista rancen bai iso ba, kuma wanda ya biya da aljihunsa sai ya jira a mayar masa. A adana rasit da lambar Remita, wato lambar da aka biya kuɗin da ita.

Gurbin karatu na waje shi ma a karanta shi da idon basira. Yafe kuɗin makaranta kaɗai bai haɗa da masauki, abinci da tikitin jirgi ba. Ingila na so a nuna kuɗin zama sun kwana 28 a jere a asusu kafin biza, ga kuɗin kiwon lafiya fam 776 a kowace shekara ta bizar, da ake biya gaba ɗaya tun a wajen neman bizar.