Ka haɗa taka ko ka sayi haɗaɗɗiya? Daga bakin mai shago a Ikeja

Sana'ata kenan a Computer Village nan Ikeja, haɗa kwamfutar tebur da kuma sayar da wadda ta zo a haɗe. Ƴan uwa daga Agege da Idi-Araba har masu bugo waya daga Kano tambayarsu ɗaya ce, wacce ta fi? Ni kuma sai na ji aikin da mutum zai yi tukuna, don wallahi yawancinsu ba sa buƙatar a haɗa musu komai, duk da na fi samun riba in na haɗa.

Mai shagon buga takardu ko makarantar da ke koya wa yara jarabawar JAMB a kwamfuta, ce masa nake ranka ya daɗe ɗauki tokunbo kawai, Dell OptiPlex ko HP ko Lenovo ThinkCentre, irin waɗanda ofisoshi a Ingila da Amurka suka gama da su, ƙarfensu na da kauri kuma ba sa shan wuta, a cire tsohon hadis, wato ma'ajiyar bayanai, a sa SSD, sabuwar ma'ajiya mai sauri, a ƙara ram, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, ya kai gig 8 ko 16 shikenan ta koma yarinya. Sai dai a lura, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 firosesar Intel daga ƙarni (generation) na 8 zuwa sama yake karɓa, toh kar a lallaɓa ka da na 4 don araha.

Amma mai tace bidiyon biki ko mai zanen gini ko yaran nan ƴan gem, nan fa tokunbo ke gazawa. Kesin ɗinta matsattse ne babban katin girafik mai sarrafa hoto da bidiyo ba ya shiga, fawa fak ɗinta, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ƙarami, kuma da yawansu kamfanin ya yi musu soket nasa na daban yadda na kasuwa ba zai hau ba. Irin waɗannan gara a haɗa musu tun daga tushe.

Haɗawar ma ba wuya ce da ita ba, sukurdireba da natsuwa ne, inda ake faɗuwa wajen zaɓen kaya ne. Wani matashi ya shigo da kayansa a leda, madabod, wato allon da ake dasa sauran kayan a kai, samfurin AM5 na firosesar Ryzen, da ram samfurin DDR4, wai maigida ai ram duk ram ne. Na ɗora masa ram ɗin a kan gurbinsa a madabod ya gani da idonsa tsagar ba ta zo daidai ba, AM5 sai DDR5, in da ya danna da ƙarfi da ya yi asarar duka biyun.

Abin da ya fi ban haushi kuwa fawa fak. Mutum zai zuba kuɗinsa kaf a katin girafik sannan ya ce a sa masa kowanne, alhali a Legas muke, NEPA ta ɗauke a tada janareto ta dawo da ƙarfi, duk shi ke tarar wannan dukan, in ya ƙone kuma ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Na bogi in ka ɗaga shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye, an manna masa takarda wai wat 650. Ni ba na sa wanda bai da tambarin 80 Plus, shaidar cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa, kuma sai na matsa wa kwastoma ya haɗa da UPS ko ransa bai so.

Farashi kam tun da aka saki naira a 2023 ba na yi wa kowa alkawari, dala ce ke yanka mana, kuɗin da na faɗa maka yau na yau ne. Garantin tokunbo ɗan lokacin gwaji ne kawai. Wadda na haɗa kuwa kowane kaya da garantinsa, shi ya sa nake rubuta lambar jikin kowanne a rasit, don akwai masu dawo maka da ram ɗin wani shagon su rantse naka ne.