Ranar jirgin Legas a tashar Zariya

Litinin, 4 ga Fabrairu, 2013

Yau ce ranar jirgin Kano zuwa Legas, saboda haka tun da hantsi tashar Zariya ta cika. Hazo ya sauko sosai, daga bakin dandamali da ƙyar ake hango ƙarshen filin tashar. A farkon 2013 ɗin nan jirgin yakan taso daga Kano da safiyar Litinin, na dawowa kuma ya bar tashar Iddo a Legas ran Juma'a da rana, ya ratsa ta nan ran Asabar. Sau ɗaya ke nan a mako ta kowane ɓangare. Ranar 21 ga Disamba, 2012 aka dawo da shi bayan ya yi shekaru a kwance, da aka kammala gyaran layin kashi biyu: kilomita 488 daga Legas zuwa Jebba a hannun kamfanin China mai suna CCECC, kilomita 638 daga Jebba zuwa Kano a hannun kamfanin Costain. Jimla kilomita 1,126, kuma jirgin yakan ci awa 30 ko fiye kafin ya gama da su. Duk wanda ya raba zai ga gudun bai kai kilomita 40 a awa ba.

Aji uku ake sayarwa. A farashin farkon 2013, daga Kano har Legas naira 1,930 ne a aji na biyu, 2,890 a aji na ɗaya mai na'urar sanyi, 4,990 a taragon kwana mai gado. Mai hawa a Zariya yana biyan ƙasa da haka tunda da nisa ake lissafi. Wannan arha ita ta tara mutanen yau, yawancinsu fatake da masu iyali. Buhunan barkono da na wake da aka jibge a gefe ba sa shiga taragon fasinja: sai an ɗora su a sikeli, an rubuta takarda, sannan a kai su taragon kaya. Mai buhu goma da ya zo bayan jirgi ya tsaya, to shi da kayansa ɗaya zai kwana a Zariya.

Filin tashar ya fi ƙarfin jirgin da ke zuwa cikinta, kuma dalilin yana cikin tarihinta. Ba don fasinja aka shimfiɗa waɗannan layuka barkatai ba. A 1907 aka fara aikin layin Baro zuwa Kano, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Nufin Turawa shi ne a kwaso audugar Arewa a kai ta Baro, a bakin Kwara, a loda wa jirgin ruwa. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara ma'aikatan diga, a nan ƙasar Zazzau kuwa zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi ne. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, a shekarar kuma aka haɗa shi da layin Legas a Minna. Lissafin audugar bai fito yadda suka so a Kano ba, don manoman can gyaɗa suka runguma. Amma a Zariya audugar ta karɓu, BCGA, ƙungiyar Turawan Ingila mai bunƙasa noman auduga, ta kafa gidan gurza, sauran kamfanonin Turawa suka jera kantunansu dab da tasha. Unguwar PZ daga kamfanin Paterson Zochonis ta samo sunanta. Sabon Gari ma tashar ce ta haife shi: ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu aka zaunar a wannan ƙetare na rafin Kubanni, nesa da ganuwar birni.

Daga nan sai rassa suka fara fita. Na farko shi ne ƙaramin layin Bauchi, wanda duk da sunansa bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Saboda kuzar Jos aka gina shi, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau tsauni ya isa Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali babban layin ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Wannan bambanci na ƙafa guda shi ya sa taragon Jos ba ya iya wucewa Zariya. Duk buhun kuza sai an sauke shi da hannu an sake loda shi a babban tarago, haka kayan injin da za a kai ma'adinai. 'Yan dako sun ci abinci a nan shekara da shekaru. Da aka haɗa Jos da layin Fatakwal ta Kafanchan a 1927, kuza ta samu hanya mafi kusa zuwa teku ba tare da sauke-lodi ba, ƙaramin layin ya yi ta ramewa har aka rufe shi a 1957. Reshe na biyu shi ne na Funtuwa da Gusau, wanda ya isa Ƙaura Namoda a 1929, shi ma auduga da gyaɗa ya je ɗaukowa. Ashe akwai lokacin da hanya huɗu ke fita daga wannan tasha. A 2013 ɗin nan ta Kano da ta Kaduna ne ke ɗauke da jirgin Legas, ta Ƙaura tana jiran gyara, ta Jos kuwa sai dai tsofaffi su nuna maka inda ta bi. Har yanzu dai Zariya ce hedikwatar shiyyar Arewa ta hukumar jiragen ƙasa, wadda aka mayar da ita hukuma mai cin gashin kanta a 1955.

Wajen azahar wata dattijuwa mai kwando ta tare wani ma'aikaci. “Ɗana, jirgin nan ya taso kuwa?” Ya ce, “Ya taso, Hajiya, ya ma wuce Dangora. Ki je ki yi sallarki a tsanake.” Amsar da za a iya bayarwa ke nan a kan irin wannan layi. Ma'aikaci ya san tashar da jirgi ya baro, amma ba zai rantse a kan agogo ba.

Layin ɗaya tilo ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke. Jirage biyu ba sa giftawa sai a tashar da ke da layin ratse. Kafin jirgi ya bar kowace tasha, sai shugabanta ya nemi izini daga tashar gaba, can su tabbatar babu komai a tsakani, sannan a miƙa wa direba shaidar shiga wannan yanki. A da sandar ƙarfe ce ake zarowa daga na'ura, kuma na'urar ba ta sakin ta biyu sai an mayar da ta farko. Inda na'ura ta mutu, waya da takarda ake yi. Idan akwai jirgin kaya a gaba da ya makale a hawa, na fasinja zai zauna ne a tashar baya har a kwashe shi, ko awa nawa ne. Ga kuma wuraren da injiniyoyi suka ƙayyade gudu saboda gada ta tsufa ko tsakuwar ƙarƙashin dogo ta zaizaye. Da damina ruwa kan wanke ƙasar ya bar ƙarfe a rataye. Da bazara zafi kan sa ƙarfen ya miƙe, in giɓin da aka bari a mahaɗa ya cushe sai dogo ya lanƙwashe. Mahaɗar nan faranti biyu ne da ƙusoshi huɗu, kuma ɓarayin ƙarfe su suka fi kwancewa, shi ya sa masu duba hanya ke bin ta a ƙafa da maɓalli a kafaɗa. A ganina direban da ke tafiya a hankali a irin wannan hanya ba abin zargi ba ne.

Bayan azahar aka ji ƙaho. Mai juya layi ya riga ya murɗa hannun ƙarfe ya kulle shi, ya tsaya da tuta. Kan jirgin ɗaya ne daga cikin guda 25 ƙirar General Electric da aka shigo da su a 2010, mai shan dizal. Masu shan gawayi sun daɗe da barin aiki, su ne a da ke tsayawa a nan su sha ruwa a kwashe musu toka.

Tsayuwar Zariya ba ta saukar da fasinja kaɗai ba ce. Masu duba tarago suka bi jirgin gefe da gefe da doguwar guduma, suna ƙwanƙwasa kowace ƙafa. Lafiyayyar ƙafa ƙara take yi garau, mai tsaga kuwa sai ta amsa a dakushe. Suna kuma kai bayan hannu kusa da akwatin gatari, wato inda bakin sandar ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun tarago ke juyawa. In mai ya ƙare a ciki sai ya yi zafi, ya fara hayaƙi, in aka ƙyale shi yana iya cinye wuyan gatarin jirgi ya goce. Taragon da aka kama da wannan ciwo dole a cire shi a ajiye a gefe, kuma cirewar da sake haɗawar sukan ci awa guda cur. Sai mesar birki da ke tsakanin tarago da tarago. An tsara birkin ne yadda in mesa ta tsinke ko ta yi yoyo zai kama da kansa, don kada taragon da ya ɓalle ya gangara. Amfaninsa ke nan, kuma matsalarsa ke nan, domin roba ɗaya da ta tsage a tarago na tara tana iya riƙe jirgi duka. Yau ba a cire komai ba, zoben roba ɗaya kawai aka canza a bakin wata mesa, aka gwada birki daga kai har wutsiya.

Mai hawa a Zariya ya sani cewa aji na biyu daga Kano yake cika, wurin zama sai wanda masu sauka suka bari. Gara ya tsaya daidai tsakiyar dandamali, ya bar masu sauka su fito, kada ya cusa kaya ta taga kafin shi ya shiga. Ya riƙe tikitinsa har ƙarshe, don ana dubawa a hanya fiye da sau ɗaya. Ya tanadi ruwan sha na kwana biyu da buta, domin tankin banɗaki ba ya kaiwa ƙarshen tafiya in mutane sun yi yawa. Da wannan sanyi bargo wajibi ne, ga tocila, ga ƙyallen rufe hanci saboda ƙura. Abinci ba abin damuwa ba ne, ana samun na saye a Kaduna da Minna da Offa, sai dai mai sauka ya saya ya riƙa sauraron ƙaho, ba a jiran kowa.

Gadi ya ɗaga koriyar tuta daga taragon baya, jirgin ya ja ya nufi Kaduna, kilomita 80 da 'yan kai. Daga can sai Minna da Zungeru cikin dare, gadar Jebba kuma gobe. Masu zuwa tarbar na Asabar su fara leƙowa ofishin shugaban tasha su ji ko ya bar Minna, kafin su ɗauko mota.