Idan kamfanin lasifika ya sauya hannu

A shekarar 2025 kamfanin Harman, wanda yake ƙarƙashin Samsung, ya sayi sashen kayan sauti na kamfanin Masimo a kan dala miliyan 350, kuma a cikin abin da cinikin ya ƙunsa har da Bowers & Wilkins, ɗaya daga cikin fitattun masu ƙera lasifika mai tsada a duniya. Wannan ne karo na huɗu da Bowers & Wilkins ya sauya hannu cikin shekara goma: EVA Automation ya saye shi a 2016, Sound United ya karɓe shi a 2020, sannan Masimo, wanda asalin sana'arsa ƙera na'urorin asibiti ce, ya haɗiye Sound United a 2022 a kan kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya. Duk wanda ya zuba dukiyarsa a lasifikar wannan kamfani yana da hujjar tambayar inda aka dosa.

Dalilin damuwar yana cikin yanayin kayan ne. Lasifika mai inganci takan yi shekara ashirin ko talatin tana aiki, saboda haka mai sayenta ya ƙulla alaƙa ce ta dogon zango da masana'antar, ko ya sani ko bai sani ba. Wata rana ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti za ta ƙone, ko robar da ke kewaye da bakin babbar ta tsufa ta tsattsage, kuma ba kowane kayan gyara ne zai maye gurbinsu ba, domin an auna kowane ɓangare ne daidai da akwatinsa da kuma na'urar da ke rarraba sauti a cikinsa. Idan kamfani ya daina ajiye irin waɗannan kayayyaki, sautin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi ke nan, darajar lasifikar a kasuwar kayan hannu ma sai ta faɗi.

Abin da ya sami wani kamfanin lasifika, Thiel Audio, shi ne ya fi tsaya mini a rai. An kafa kamfanin a 1976 a birnin Lexington na jihar Kentucky a Amurka, kuma injiniyansa, Jim Thiel, ya riƙe aƙida guda tsawon rayuwarsa, wato dole ne kaurin sauti da matsakaicinsa da siririnsa su iso kunnen mai sauraro a lokaci ɗaya. Shi ya sa fuskar akwatunansa take kishingiɗe zuwa baya, shi ya sa kuma yake amfani da tsarin rarraba sauti mai gangara a hankali, wanda yake ɗora wa kowane ɓangare aiki mai nauyi. Wasu ba sa son wannan sauti, amma waɗanda suke son sa sun riƙe shi da hannu biyu. Jim Thiel ya rasu a 2009, aka sayar da kamfanin ga masu zuba jari a 2012, sababbin masu shi suka mayar da shi jihar Tennessee, suka ajiye aƙidar da aka san shi da ita, suka fito da lasifikoki irin na kowa, daga baya ma har da marasa waya. A 2018 kamfanin ya rufe.

Masu lasifikar Thiel ba su bi sunan zuwa sababbin kayan ba. Sun ci gaba da sauraron tsofaffin CS2.4 da CS3.7 ɗinsu, kuma da wani tsohon ma'aikacin kamfanin ya buɗe wurin gyara mai suna Coherent Source Service a Kentucky, can suka karkata. A ganina wannan ya nuna inda amanarsu take tun farko: tana ga tunanin da ya haifi sautin, da kuma hannun da ya san yadda ake gyara shi. Tambarin da ke jikin akwati shi kaɗai wanda ya sayi kamfanin ya samu a cinikin 2012, sauran kuwa ya bar shi ya zube.

Akwai waɗanda suka tsallake wannan siraɗi. David Wilson na Wilson Audio ya miƙa ragamar kamfani ga ɗansa Daryl tun kafin rasuwarsa a 2018, bayan sun yi shekaru suna aiki tare, kamfanin lasifika na KEF kuma yana hannun kamfanin Gold Peak na Hong Kong tun 1992 ba tare da an kwashe sashen bincikensa daga garin Maidstone na Ingila ba.

Bowers & Wilkins ya fi Thiel girma nesa ba kusa ba, kuma ya daɗe da wuce matakin dogaro da mutum ɗaya, tunda John Bowers, wanda ya kafa shi a Worthing ta Ingila a 1966, ya rasu tun 1987, amma ƙungiyar injiniyoyin da ya bari ta fito da fitacciyar lasifikar Nautilus a 1993. Wannan yana ba ni ƙwarin gwiwa. Abin da nake tsoro shi ne ribar da ke cikin na'urorin kunne da sautin cikin mota, inda Harman ya fi ƙarfi, ta janye hankalin shugabanni daga manyan lasifikokin jerin 800, waɗanda jikokin 801 ce ta 1979 da ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan ya rungumi aiki da ita. Saboda haka abin da zan zuba wa ido a shekaru masu zuwa shi ne ko za a ci gaba da ƙera jerin 800 a Worthing, ko injiniyoyin za su zauna, ko kuma mai lasifikar da ta shekara ashirin zai nemi kayan gyara ya samu.