Gwajin kanjamau a gidan gyaran halin yara: abin da ya faru da mu

Ni ma'aikacin lafiya ne, ni da wata nas muka ɗauki lokaci muna shiga gidan gyaran halin yara na garinmu muna wayar musu da kai kan cutar kanjamau. Maza ne 'yan shekara 13 zuwa 17, wasu faɗan daba ya kawo su, wasu ƙwacen waya, wasu kuma iyayensu ne da kansu suka kawo su saboda shaye-shaye. Karatun bai ba mu wahala ba. Sauro ba ya yaɗa ta, kwano ɗaya ko musabaha ko banɗaki ba sa sa a ɗauka, duk sun haddace har suna rige-rigen amsawa. Maganar reza ce ma ta fi jan hankalinsu, don ranar aski reza ɗaya ce ke zagaya kawuna da yawa, ga masu zana suna a hannu da allura ɗaya, ga waɗanda tun a waje suka saba haɗa sirinji wajen allurar maye.

Ranar gwaji ce ta ɓata komai, kuma wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Kun san yadda gwajin gaggawa yake, a soki yatsa, a jira kamar minti 15, in na farko (mu abin gwaji mai suna Determine muke fara sawa) ya nuna layi biyu to dole a sake da wani daban, Uni-Gold, kafin a ce wa mutum komai, sannan a zauna a lallashe shi a yi masa bayani. Wato wanda aka samu da ita dole ya fi kowa daɗewa a ɗakin. To jami'in da ke kula da su ya jera su a baranda a bakin ƙofa wai don kar wani ya sulale, kowa ya shiga ya fito, sai wani ƙaramin yaro ya shiga shiru shiru bai fito ba. Yaran nan ba su da aikin yi sai lura. Kan mu ankara oga ya leƙo da kai yana ɗaga murya, "Likita yaya dai, wannan an samu matsala ne?" Na ce Yallaɓai babu komai jinin ne bai fito sosai ba, amma aikin gama ya gama.

Da muka dawo an ware masa kwano, an ja tabarmarsa bakin ƙofa. Su fa yaran nan da suka haddace cewa kwano ba ya yaɗa ta, su ne suka yi. Da na keɓe da shi abin da ya ce min kawai shi ne "Yaya, da na sani ban yarda kun gwada ni ba." Kuma daga tarihinsa alamu duk sun nuna da ita aka haife shi, mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami bayan doguwar jinya, amma a gidan an riga an yanke masa hukuncin ɗan iska.

Abin haushin, samun mutum ɗaya a irin wannan wuri ba abin mamaki ba ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 a Najeriya na ɗauke da ita, kusan mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya. Kuma tun 2014 akwai dokar da ta hana nuna wa masu ita wariya da tona asirinsu ba da yardarsu ba. Amma a gidan da ƙofa ɗaya ce kowa na kallonta, ba sai an faɗi suna ba.

Don haka duk mai shirin irin aikin nan, dan Allah ka fara da ma'aikatan gidan kafin yaran, ka zaunar da su su fahimci me ake nufi da sirri. Kar ka yarda da layi a bakin ƙofa ko za a fasa gwajin. Mu yanzu kowa tsawon lokaci iri ɗaya muke ba shi a ciki, wanda ba shi da komai ma sai ya zauna mun yi hira, muna gaya masa in akwai abin da ya faru kwanan nan ya sake gwadawa bayan wata 3 tunda ba nan take take bayyana ba. Haka maganin, ƙwaya ɗaya ce kullum kuma kyauta ce a asibitin gwamnati, amma in ana kiran yaro ɗaya ofis kowace safiya ai an sake tona shi, shi ya sa muka haɗa shi da masu karɓar maganin ƙazuwa da na tari suke zuwa tare.

Bayan abin nan ne muka aje kwali a sa tambaya a takarda ba suna, wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Nan muka ga abin da ba wanda zai faɗa gaban jami'i, ƙananan suna tambayar in babba ya tilasta ka da dare za ka ɗauka? Shugabannin gidan ba sa son a ambaci kwaroron roba ko kaɗan, na ce na ji, amma ba zan fasa gaya wa yaran cewa akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 da faruwar abin a sha kwana 28 ba, kuma su nemi nas kai tsaye. Ƙananan ma sai da muka matsa aka raba musu ɗaki.

Shi yaron yana shan maganinsa, har ya yi ƙiba, kafin a sallame shi muka rubuta masa takardar komawa asibitin da ya fi kusa da gidan kakarsa. Ogan kuwa har yanzu in mun haɗu sai ya ce ai shi tambaya kawai ya yi.