Yadda na bi sawun kalmar "komprar"

Faransanci nake koyarwa a wata sakandare a Katsina, kuma tonon asalin kalmomi ya daɗe da zame mini jaraba. A hutun da ya wuce na duƙufa a kan Ido, ƙirƙirarren harshen da wani kwamitin masana ya amince da shi a birnin Paris a 1907 don gyara Esperanto, harshen da wani mutum mai suna Zamenhof ya ƙirƙira don ya zama harshen duniya. Cikinsu har da Louis Couturat na Faransa da Otto Jespersen na Denmark.

Aikatau guda na ɗauka, komprar, wato saye. Abin da ya ja ni shi ne Esperanto na cewa aĉeti, daga acheter ta Faransanci wadda nake rubuta wa yara a allo kullum. Me ya sa Faransawa da kansu suka yar da tasu?

Ka'idarsu ce ta jawo haka. Sun auna kowane saiwar kalma da harsuna shida, Jamusanci, Ingilishi, Faransanci, Italiyanci, Rashanci da Sifaniyanci, wanda ya fi yawan masu gane shi ya ci. Italiya na da comprare, Sifaniya na da comprar, ita kuwa acheter ba ta da mai mara mata baya. A ƙamusunsu ma akan jera haruffan farko na sunayen harsunan da ke da kalmar a gabanta.

Sai dai haruffan nan shaidar ƙuri'a ce kawai, ba sa faɗin inda aka haifi kalma. Sai da na koma Latin na tarar da comparare, haɗin com da parare, ma'ana tanada ko samo abu. Akwai kuma wata comparare ta daban mai nufin kwatantawa, rubutu iri ɗaya, tushe daban. Ido ya raba su: komprar saye, komparar kwatantawa. Wasali ɗaya tak.

Abin da na koya shi ne a fara gutsure wutsiyar kalma kafin a nemi saiwa. A Ido wutsiyar aikatau na nuna lokaci: -ar na yanzu ne, -ir na abin da ya wuce, -or na gaba. Kompr- ce kaɗai ke da tarihi.

Da na nuna wa malamin Hausarmu, dariya ya yi.

"Malam, aikinka da sauƙi. Zo ka tono mini asalin rubutu, da masana ke cewa daga Barebari muka aro."

Ya yi gaskiya, mu ba kwamitin da ya ajiye mana takarda. Ni abin da ya tsaya mini a rai, cikin harsuna shidan nan babu Larabci, babu ko ɗaya na Afirka, amma aka ce harshen duniya ne.