Ƙurar Bandama: Tarihin Rayuwata, Kashi na 7

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda muka gama haɗa motar a garejin Baba da ke unguwar Darussalam a Buwake. An cire kujerun baya, an yi wa cikinta kejin ƙarfe saboda ko ta kife kada rufin ya danne mu, an kafa kujeru biyu masu madauri shida-shida. Yau ga labarin fitata ta farko da ta biyu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, a tseren rali ba a jera motoci a sake su tare. Ɗaya bayan ɗaya ake saki, da tazarar minti ɗaya ko biyu, a hanyar daji da aka rufe wa jama'a, kuma da agogo kake karawa. Daga wannan zango zuwa na gaba titin kowa za ka hau, ka bi dokar hanya, ka miƙa katin lokacinka a daidai mintin da aka rubuta maka. Makarar minti ɗaya tana jawo a ƙara maka daƙiƙa goma, zuwa da wuri kuma hukuncinsa ya fi haka zafi.

Baba ya san motocin tsere tun ban zo duniya ba. Yana yaron gareji a Agadas lokacin da ayarin Paris-Dakar yake sauka a garin, tun karon farko a Janairun 1979. Yakan ba mu labarin 1983, shekarar da aka fara keta hamadar Tenere, guguwar yashi ta ɓatar da masu tsere wajen arba'in, har Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro gasar, ya yi kwanaki yana tsinto su da jirgi mai saukar ungulu. Amma abin da ya fi zama a ran Baba shi ne mutanen da suke zuwa da kuɗin aljihunsu. Manyan kamfanoni suna da jirage da manyan motoci cike da kayan gyara. Waɗannan kuwa su ne ke kwana a ƙofar garejin gari suna roƙon a yi musu walda kafin asuba. Ya ce ya ga dattijon Bature yana kuka a gaban mataccen inji, ba sau ɗaya ba. Shi ya sa ranar da zan tafi Yamusukuro gasata ta farko bai ce mini in yi nasara ba. Cewa ya yi, "Yaro, motar nan ita ce jarinka. Ka dawo mini da ita a kan ƙafafunta huɗu."

Kuɗin rajista da na mai daga Abijan suka fito. Kawu yana sayar da garba a Abobo, wato acceke (abincin rogo) da soyayyen kifi, sana'ar da mutanenmu na Nijar suka riƙe a Kwaddebuwa. Shi ya zagaya rumfunan abokansa da ƙaramin littafi, wannan ya ba da jaka biyu, wancan jaka biyar, wani ma ya ce bai san me ake nufi da rali ba amma tunda ɗan gida ne ga nasa. Hular kwano da rigar da wuta ba ta ci aro na yi. Tayoyi kuwa ragowar da wani mai hali ya cire daga tasa motar ne na saya, kunnuwansu sun ɗan cinye amma suna da sauran rai.

Mutumin da ya zauna a gefena ɗan ƙabilar Baule ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya daɗe yana karanta wa direbobi hanya. Yaya nake ce masa. Kafin gasa ana ba ku dama ku bi hanyar sau biyu a hankali da motar gida, direba yana faɗin abin da ya gani, na gefe yana rubutawa. Kowace kwana da lambarta, daga ɗaya mai tsananin lanƙwasa zuwa shida wadda ba sai ka ɗaga ƙafa ba, sai tazarar da ke tsakani, sai rami, sai tudun da ba a ganin bayansa. Da Faransanci muke yi. A zagaye na farko ina ta zuba lambobi da gadara, Yaya yana rubutu bai tanka ba. Da muka tsaya sallar azahar, ina alwala yana jirana a inuwa, sai ya ce, "Ƙanena, gobe idonka zai makara. Kafin ka ga kwana ka riga ka shige ta. Abin da ka faɗa mini yau shi zan mayar maka, don haka kada ka faɗa mini abin da ba za ka iya tsayawa a kansa ba." Zagaye na biyu na rage lambobi da yawa.

Zangon farko ban san yadda na gama shi ba. Hannuna ya ƙage a kan sitiyari, ina taka birki a wuraren da Yaya bai ce in taka ba. Sai a zango na uku, cikin wani dajin itacen tik, abin ya zo. Akwai tudu a gabanmu, ba na ganin komai bayansa sai sama. Muryar Yaya ta shigo kunnena ta cikin hular kwano: miƙe, kada ka ɗaga. Duk jikina yana cewa in taka birki. Ban taka ba. Motar ta bar ƙasa, ƙarar tsakuwa ta ɗauke, muka sauka a kan hanya miƙaƙƙiya sak yadda ya faɗa. Daga nan na daina jayayya da shi. Yana magana ƙafata tana aiki, bayan motar yana zamewa a kan jar ƙasa yana dawowa daidai inda nake so, yara a kan suri suna ɗaga hannu, ƙurarmu ta tokare sama a baya. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na waɗannan mintuna ba, kuma har yau in na rufe ido ina iya karanto kwanonin dajin nan a jere.

Mu muka zo na biyu a rukunin ƙananan motoci masu jan gaba. Na kira Inna, ita da ta ƙi cin abinci tun safe, tambayarta ɗaya: "Lafiyarka ƙalau? Babu inda ka bugu?" Sai da na rantse mata sannan ta yi guɗa. Kawu ya ce a daren nan duk wanda ya zo rumfarsa ƙarin kifi ya samu.

Wannan sakamako shi ya sa na ɗaga kai na dubi babbar gasar rali ta Bandama. A Kwaddebuwa babu direban da bai yi mafarkinta ba. Tun 1969 ake yin ta. A 1972 ta yi tsananin da ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Daga 1978 zuwa 1992 tana cikin gasar duniya, a nan Alain Ambrosino, direban gida, ya doke baƙi a 1988, a nan kuma Kenjiro Shinozuka ya zama ɗan Japan na farko da ya ci wani zagaye na gasar duniya a 1991. Daga baya ta koma cikin gasar Afirka, masu ƙarfi suna zuwa da Skoda Fabia da Mitsubishi Lancer masu jan ƙafa huɗu, da tirela cike da sababbin tayoyi.

Wani ɗan kasuwa ya ga hotona ya kira ni, ya ce zai ɗauki nauyin tayoyi da shokazoba in na manna sunan shagonsa a ƙofa. Na manna. Da lokaci ya matso sai wayarsa ta daina shiga. Baba bai yi mini magana ba, sai kawai na shigo gareji wata safiya na ga babu ɗaya daga cikin injinan waldarsa biyu.

A nan ne nake so matasa masu sha'awar wannan harka su saurare ni da kyau. Yaron da ubansa ya sayar da injin walda ba ya tuƙi irin na wanda kamfani ya tsaya wa. Kowane rami da na hango, farashin shokazoba nake gani. Kowace kwana ina lissafin abin da zai rage a jikin taya. Wancan in ya fasa mota gobe a kawo masa wata, saboda haka yana koyon iyakar motarsa ta hanyar wuce iyakar. Ni ba ni da ikon wucewa ko sau ɗaya. Mutane suna duba agogo su ce wane ya fi wane gudu, alhali ba nauyi ɗaya muke ɗauke da shi ba. Da gasar Safari ta koma cikin gasar duniya a 2021, Kenya ta samar wa matasanta irin su McRae Kimathi da Hamza Anwar motoci da masu ɗaukar nauyi, kuma kowa ya ga abin da suka yi. Na yi musu murna har zuciyata, na kuma yi baƙin cikin yaran garejinmu da na san hannunsu, waɗanda ba za su taɓa zama a wannan kujera ba.

Ranar farko mun lallaɓa mun gama lafiya. A wurin gyara, cikin 'yan mintunan da ake bayarwa, Baba da yaransa biyu suka shige ƙarƙashin motar da tocila a baki, maƙwabtanmu kuwa mutum takwas ne a kan mota ɗaya. Rana ta biyu aka maimaita zangon da aka bi da safe. Manyan motoci su ke fara wucewa, ƙafafunsu huɗu suna haƙa hanya suna tono duwatsu, mu ƙanana mu zo daga baya mu tarar da kwari biyu da tudu a tsakiya. A wata kwana ta hagu, wadda da safe babu komai a cikinta, wani dutse ya fito a tsakiyar tudun. Na ji bugun har cikin haƙorana. Ba mu yi nisa ba fitilar man inji ta kama.

Yaya ya ce, "Kashe." Na riga na kai hannu.

Muka tura ta gefe, ya ruga baya ya kafa jar alama mai kusurwa uku, ya ɗaga allon da ke nuna muna lafiya saboda masu zuwa kada su tsaya. Na durƙusa na leƙa. Farantin kariya ya lotsa, kaskon mai ya tsage, baƙin mai yana bin jar ƙasa. Mutanen wani ƙauye suka fito daga gonar koko suka kewaye mu, wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa a kofi tana magana da Baule. Yaya ya ce sannu take yi mini, ta ce in gode wa Allah da na fito da ƙafata. Na zauna ina kallon motocin da na tsere wa jiya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana watsa mana ƙura. Fuskar Kawu da littafinsa nake gani. Na yi kuka sosai, Yaya kuma bai hana ni ba.

Sai bayan la'asar aka buɗe hanya Baba ya iso da a-kori-kura da igiya. Bai dube ni ba. Ya kwanta a ƙasa, ya daɗe, ya fito ya sa sifana ya juya injin da hannu. Ya juya. "Wa ya kashe ta?" Yaya ya nuna ni. Baba ya goge hannunsa ya ce, "To, inji na nan. Kasko kuwa aikin walda ne, ai saura inji ɗaya a gida. Tashi ka ɗaura igiya."

Mun shiga Buwake cikin dare, ina zaune a motar ina riƙe birki, Baba yana ja. Motar ta yi makonni a ƙarƙashin tampol, bashin tayoyi yana kaina, ni kuma na koma gyaran motocin haya daga safe zuwa magariba. Ana cikin haka wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani mutum ya shigo gareji da ɗansa, ya ɗaga tampol ɗin ba tare da ya tambayi kowa ba, ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, nawa za ka sayar mini da wannan?"

Amsar da Baba ya ba shi, da abin da ya biyo baya tsakanina da Yaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.