Na zo Turai tsintar tsutsa

Watana uku a Sikotlan aka kwashe mu da sassafe zuwa bakin teku a St Andrews, lokacin da ruwa ya janye. Ni ɗan Gumel, babban ruwan da na sani kafin nan kududdufin bayan gari ne.

Ina ɗaga wani dutse sai ga abu baƙi-baƙi a cukurkuɗe kamar igiyar takalmi, yana motsi. Ban san sanda na ce "Innalillahi, maciji!" ba. Na ja da baya, santsi ya kwashe ni, na zauna daram cikin ruwan da ya fi ƙanƙara sanyi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Wata yarinya da ba ta kai ƙanwata ba ta sa hannu ta ɗago abin, ya yi ta warwaruwa kamar ba zai ƙare ba.

Tsutsar teku ce, Lineus longissimus. Kaurinta bai wuce na fensir ba, amma an ce a 1864, bayan wata guguwa, an tsinci guda a wannan gaɓar da ta haura mita 55. Tana da dogon bututu a ɓoye cikin jiki, da shi take cafko abinci. In ka taɓa ta sai ta bar maka majina mai wari a hannu, dafin cikinta yana kashe ƙaguwa da kyankyaso. Yanzu ni ke nuna wa sababbin zuwa duwatsun da take ɓuya.

Amma ranar, ina rawar ɗari a mota da jiƙaƙƙen wando, ƙafar kakata nake gani. Kurkunu ya kwantar da ita damina guda, kullum Inna na naɗe farin zaren a tsinke, kaɗan-kaɗan, kada ya tsinke. Ba danginsu ɗaya ba, tun 2013 ma aka tabbatar babu shi a Najeriya, amma jikina bai san wannan ba.

Da daddare na ba Inna labari a waya. Ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu duk kuɗin jirgin nan, tsutsa ka je tsinta?" Baba kuwa a majalisa cewa yake ɗansa likitan ruwa ne. Kafin ta kashe ta ce in riƙa wanke hannu da sabulu kafin in ci abinci.